Labarin Malamin da Ya Bar Birni Ya Koma Gona a Ƙasar Amurka

A shekarar 1932 wani malamin jami'a mai suna Scott Nearing ya tattara 'yan komatsansa ya bar birnin Niyu Yok, ya nufi duwatsun jihar Vermont. Tare da shi akwai Helen Knothe, gwanar kiɗan goge irin na Turawa, wadda ya aura daga baya, a 1947. A lokacin nan shekarunsa 49, ita kuwa 28.

Shi Nearing an haife shi a 1883, a gidan masu hali. Ya koyar da ilmin tattalin arziki a Jami'ar Pennsylvania, har aka sallame shi a 1915, bayan ya matsa wa masu masana'antu da suka a kan sa yara ƙanana aikin wahala. A 1919 kuma aka kai shi gaban shari'a saboda rubutun da ya yi na ƙin yaƙi. Ya kuɓuta, amma ƙofofin makarantu suka rufe masa. Ana nan sai kasuwa ta karye a 1929, bankuna suka durƙushe, aiki ya yi wuya ƙwarai. To, sai suka ga gara su nemi inda za su ci da guminsu, ba mai iko da bakinsu.

Suka sayi wata tsohuwar gona mai eka 65, wadda ƙasarta ta gaji. Suka biya dala 300 a hannu, suka ɗauki bashin dala 800 da ke kanta. Wurin kuwa ƙasar sanyi ce, kwanakin da shuka ke tsira daga jaura ba su wuce kamar wata uku a shekara ba. Suka farfaɗo da ƙasar da takin ganyaye da ciyawa, don ba su kiwon dabba, ba su kuma cin nama. Abin da suka girbe suna adana shi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su ci har sanyi ya wuce. Gidajensu ma da hannunsu suka gina, da duwatsun da suka tsinto a gonar.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba a nan shi ne sharuɗɗan da suka ɗaura wa kansu. Na farko, ba za su sayi kome bashi ba. In babu kuɗi a hannu, sai a haƙura. Na biyu, a farkon shekara sukan ƙiyasta abin da za su bukata, in sun samu wannan, sai su daina neman kuɗi sai baɗi. Na uku, duk inda musaya za ta yiwu, ita suka fi so da ciniki.

Hajarsu kuwa daga wani itace take fitowa, wanda ake kira mefil. A ƙarshen sanyi, sa'ad da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar, sai a huda jikin itacen, a rataya bokiti, ruwa mai ɗan zaƙi ya riƙa ɗiga. Ana dafa kamar galan 40 na ruwan kafin a sami galan ɗaya mai kauri kamar zuma, in an ƙara dafawa ya daskare kamar mazarƙwaila. Da wannan suke biyan haraji, suna kuma musayarsa da lemo da man zaitun daga manoman wasu jihohi.

Malamai kuwa, abin da zai ja hankalinsu shi ne rabon yini. Sa'a huɗu aikin neman abinci, sa'a huɗu karatu da rubutu, sa'a huɗu hidimar jama'a. Manufarsu ita ce gona ta sama musu lokacin ilmi, kada ta cinye shi.

A 1952, da suka ga masu wasan zamiya a kan ƙanƙara sun fara cika yankin, sai suka ƙaura zuwa Harborside, a bakin teku cikin jihar Maine, suka sake farawa. A 1954 suka fitar da littafinsu mai suna Living the Good Life, watau zaman rayuwa mai kyau. Da farko bai yi kasuwa ba. Da aka sake buga shi a 1970, samari suka yi masa rubdugu, baƙi dubbai suka riƙa zuwa gonar kowace shekara.

Amma fa da ruwan ciki kan ja na rijiya. Daga baya ya bayyana cewa suna da wata dukiya ta gado, ban da kuɗin littattafai da na lacca, sa'an nan ba su yi renon 'ya'ya a gonar ba. Waɗanda suka bi sawunsu hannu rabbana, da yawa sun koma birni bayan 'yan shekaru. Wani saurayi, Eliot Coleman, ya sayi eka 60 a wurinsu a 1968, ya sare daji ya zauna da iyalinsa, babu lantarki, babu famfo. Aiki ya yi musu yawa, 'yarsu ƙarama ta nutse a kududdufin gona a 1976, auren kuma ya mutu. Shi dai ya daure, har ya zama sanannen manomin kayan lambu.

Saboda haka duk mai iyali da ke sha'awar barin hayaniyar birni, lalle ya yi lissafi tukuna: me zai sayar, wa zai saya, me kuma za a ci kafin kaka ta fari? Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Scott Nearing ya rasu a 1983, kwana 18 bayan ya cika shekara ɗari. Helen ta ci gaba da zama a gonar har 1995, sa'ad da ta rasu a haɗarin mota, tana da shekara 91. Gidan dutsen da suka gina da tsufansu aka mai da shi wurin koyar da irin zaman da suka yi.