Tsohon Farantin Tarho a Gana Ya Koma Sauraron Taurari

Direbobi da fatake masu bin hanyar Kumasi daga Akara sun san Kuntunse, inda wani makeken farantin ƙarfe mai faɗin mita 32 ya ɗaga fuska sama. Da can aikinsa aika saƙonnin tarho zuwa ƙasashen waje. Da aka shimfiɗa wayoyi ta ƙarƙashin teku, sai ya zauna ba aiki.

Afirka ta Kudu ce ta kawo kuɗi da injiniyoyi, suka haɗu da 'yan Gana suka mai da shi na'urar kama igiyoyin rediyo da ke fitowa daga taurari. Shugaba Akufo-Addo ya buɗe ta a 2017.

Ba kyauta ce tsura ba. Masanan suna bukatar na'urori masu nisa da juna su auna tauraro guda a lokaci guda, domin gwargwadon nisan, gwargwadon kaifin gani. Gana kuwa tana tsakiyar duniya, tana hango sararin arewa da na kudu. Ribarta ita ce 'ya'yanta da suka koyi sarrafa na'urar da hannunsu.

Ƙasashen Afirka takwas ne Afirka ta Kudu ta jawo cikin shirin. Nijeriya ba ta ciki.