Takardar da Ta Raba Kan Ɗarikar Katolika: Abin da Fafaroma Ya Ce da Amsar da Afirka Ta Ba Shi

Ranar 18 ga Disambar 2023 Fadar Vatican ta fitar da wata takarda mai suna Fiducia Supplicans, kuma kafin gari ya waye labari ya karaɗe wayoyin jama'a cewa Fafaroma ya halatta auren jinsi. Bai halatta ba. Sai dai wanda ya ce babu abin da ya sauya, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba. Domin a gane inda maganar ta dosa, dole a fara sanin wane ne ke da ikon faɗin me a cikin wannan ɗarika mai mabiya kimanin biliyan 1.4, wadda kusan kashi 20 cikin 100 nata suke nahiyar Afirka.

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa duk abin da ya fito daga bakin Fafaroma ya zama doka ga Katolika. Maganganunsa hawa-hawa ne. Akwai matakin ƙoli, wanda babban taron Vatican na 1870 ya tabbatar, cewa idan Fafaroma ya yanke hukunci a kan aƙida ko ɗabi'a daga kujerar mulkinsa, yana nufin ya ɗaure dukan mabiya, to ba ya kuskure. Tun daga lokacin sau ɗaya tak aka yi amfani da wannan iko, a 1950, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya tabbatar da aƙidar ɗaukar Maryamu zuwa sama. Ƙasa da wannan akwai wasiƙun koyarwa na Fafaroma, sai takardun ofisoshinsa waɗanda yake sa wa hannu, can ƙasa kuma akwai hirarsa da 'yan jarida, wadda ba ta ɗaure kowa. Abin mamaki, wannan na ƙarshen shi ya fi yawo a duniya.

Kada kuma mai karatu ya ɗauki bishop tamkar hakimin da sarki ya tura ƙasa, wanda aikinsa isar da umarni kawai. Fafaroma ne ke naɗa shi, gaskiya ne, amma a koyarwar Katolika kowane bishop magajin manzannin Yesu ne, yana da ikon kansa a yankinsa. Bishop na Sakkwato ko na Maraɗi shi ne makiyayin garkensa, shi zai duba abin da zai gyara da abin da zai ɓata. Wannan ƙaramin bayani shi ne ya zama ƙashin bayan duk rigimar da ta biyo baya.

Ita koyarwar kanta a rubuce take, ba a ɓoye ba. Littafin Katikisma da aka wallafa a 1992 zamanin Fafaroma John Paul na 2 ya keɓe mata sakin layi uku, daga 2357 zuwa 2359. Na farko ya ce saduwa tsakanin jinsi ɗaya ta saɓa wa tsarin halitta kuma babu halin da za a amince da ita. Na biyu ya ce masu wannan sha'awa a karɓe su da mutunci da tausayi, kuma a guji nuna masu wariya ta zalunci. Na uku ya ce abin da ake nema gare su shi ne kame kai. Wato cocin ya raba abu biyu: sha'awar da mutum ya tsinci kansa da ita, wadda ba a ƙirga ta zunubi, da kuma aikatawa, wanda zunubi ne. Ofishin kula da aƙida na Vatican, wanda asalinsa ya koma 1542, ya nanata wannan matsayi a 1975 da 1986, sannan a 2003, ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger da ya zama Fafaroma Benedict na 16, ya umarci 'yan siyasa Katolika su yi adawa da duk dokar da za ta amince da zaman jinsi ɗaya.

Jorge Bergoglio ma, yana babban bishop na Buenos Aires, ya yaƙi dokar auren jinsi da Ajantina ta yi a 2010. Shi ne kuma, bayan ya zama Fafaroma Francis, ya faɗi maganar nan a cikin jirgi yana dawowa daga Brazil a Yulin 2013, cewa idan mutum mai wannan hali yana neman Ubangiji da kyakkyawar niyya, shi wane ne da zai yanke masa hukunci. Bai taɓa ko harafi ɗaya na waɗancan sakin layi uku na Katikisma ba. Murya ce ya sauya, kuma a gidan da aka saba jin tsawa, sassauta murya ma labari ne.

Matsin lambar daga Turai ta taso. Ƙasashen da aka sani da riƙon Katolika sun riga sun yi nisa: Sifaniya ta halatta auren jinsi a 2005, Ailan kuma a 2015 ta hanyar ƙuri'ar raba gardama inda kashi 62 cikin 100 suka amince. Limaman coci a Jamus da Beljiyam suna da irin waɗannan mutane a sahun gaba na majami'unsu, wasu ma su ne masu kaɗa molon coci ko koyar da yara. Aka tambayi Roma ko za a iya sa masu albarka. A Maris ɗin 2021 ofishin aƙida, a hannun Kadinal Luis Ladaria, ya ba da amsa gajera: a'a, coci ba shi da ikon yin haka, domin Allah ba ya sa wa zunubi albarka. Fafaroma Francis ya amince aka wallafa. Amsar ba ta tsayar da kowa ba. A Satumbar 2022 bishop-bishop na yankin Flanders a Beljiyam suka fitar da tasu addu'ar, a Maris ɗin 2023 kuma babban taron gyaran coci na Jamus ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da bikin sa albarka.

Cikin wannan yanayi Francis ya ɗauko ɗan ƙasarsu, Víctor Manuel Fernández, ya ba shi ofishin aƙida a 2023. Wata uku da kama aiki ya fitar da Fiducia Supplicans.

Takardar ta fara da tabbatar da cewa aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ne, har abada, kuma ba za a yi wani abu da zai yi kama da ɗaurin aure ga wasunsu ba. Daga nan ta kawo sabon rabe-rabe. Akwai albarka ta ibada, wadda ke da tsari da littafi, ita wannan tana nan a haramce. Akwai kuma albarka ta makiyayi, irin wadda mutum zai tare Fada a bakin hanya ko a wurin ziyarar ibada ya ce a yi masa addu'a, ba tare da an bincike rayuwarsa ba. Wannan ta biyun, in ji takardar, ana iya yi wa mutum biyu da suka zo tare, ko masu zaman da coci bai amince da shi ba ne, kamar waɗanda suka rabu da matansu suka sake aure, ko kuma 'yan jinsi ɗaya. Sharuɗɗan suna da tsauri: babu kayan biki, babu kalmomi ko alamomin ɗaurin aure, kada a haɗa shi da ranar da aka je rajista a hukuma. Da hayaniya ta yi yawa, ofishin ya sake fitar da bayani ranar 4 ga Janairun 2024, har da ƙayyade cewa abin na daƙiƙa 10 zuwa 15 ne, ba a gaban bagadi ba, addu'a ce ta neman lafiya da aiki da zaman lafiya da kuma a raba su da duk abin da ya saɓa wa Linjila.

A nan ni ma ina ganin masu suka suna da hujja. Vatican ta ce mutanen ake sa wa albarka, ba zamansu ba. A kan takarda wannan yana iya tsayawa, amma ido ba ya karanta takarda. Kashegarin fitowar sanarwar, Fada James Martin, wani sanannen limami a New York, ya sa wa wasu maza biyu albarka suna riƙe da hannun juna, jaridar New York Times ta buga hoton. Duk wanda ya ga hoton nan bai tsaya tambayar ko albarkar ta ibada ce ko ta makiyayi ba. Kuma da wuya a fahimtar da talaka yadda ofishi ɗaya, ƙarƙashin Fafaroma ɗaya, ya ce a'a a 2021 sannan ya ce e da sharaɗi a 2023, a kuma ce babu abin da ya sauya.

Afirka ba ta ɓata lokaci ba. Cikin kwanaki kaɗan bishop-bishop na Malawi da Zambiya da Kamaru suka hana limamansu. Na Najeriya, ƙarƙashin shugabansu Babban Bishop Lucius Ugorji na Owerri, suka ce babu halin sa albarka ga zaman jinsi ɗaya, domin ya saɓa wa dokar Allah, da koyarwar coci, da dokokin ƙasa, da al'adun jama'a. Ambaton dokar ƙasa ba ado ba ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya shaida ko ya taimaka. Sannan a yi tunanin Katolikan Arewa, marasa rinjaye a cikin maƙwabta Musulmi da sauran ɗarikun Kirista. A watan da takardar ta fito ne aka keɓe Gerald Musa a matsayin bishop na farko na sabon yankin Katsina. Irin wannan makiyayi, kanun labari ɗaya daga Roma ya isa ya sa 'yan cocinsa su wuni suna kare kansu a kasuwa kan abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a saba gani ba. Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, shugaban ƙungiyar bishop-bishop na Afirka da Madagaska mai hedikwata a Accra, ya tattara ra'ayoyin ƙasashe ya hau jirgi zuwa Roma. Kamar yadda shi da kansa ya bayar da labari, ya gana da Fafaroma, sannan ya zauna da Fernández suka tsara amsar tare, suna tuntuɓar Francis kan abin da suka rubuta. Ranar 11 ga Janairun 2024 wasiƙar ta fito: ba za a sa wa ma'abota jinsi ɗaya albarka a cocin Afirka ba, domin hakan zai jawo ruɗani da abin kunya, amma suna nan daram a biyayyarsu ga Fafaroma. Nahiya guda ta ƙi aiki da takardar Roma, kuma da yardar Roma. Daga baya Francis ya shaida wa jaridar La Stampa ta Italiya cewa lamarin Afirka na daban ne, saboda al'ada. Wasu 'yan Afirka ba su ji daɗin wannan ba, suna cewa hujjarsu daga Littafi Mai Tsarki take, a daina jingina ta ga al'ada kamar wani ciwo da za su warke daga gare shi. Afirkan ma ba baki ɗaya ta yi ba, don bishop-bishop na Arewacin Afirka sun karɓi takardar. A wajen nahiyar, babban bishop na Astana a Kazakistan ya haramta ta. Cocin Kibɗawa na Masar kuma ya dakatar da tattaunawar aƙida da Katolika a Maris ɗin 2024.

Akwai wata tambaya da ƙurar albarka ta rufe, wadda a ganina ta fi nauyi. Shin duk abin da addini ya kira zunubi, dole ne hukuma ta ɗaure mutum a kansa? A Janairun 2023 Francis ya gaya wa kamfanin dillancin labarai na AP cewa kasancewa mai wannan hali ba laifin kotu ba ne, kuma dokokin da ke hukunta shi zalunci ne. Ya maimaita a watan Fabrairu yana dawowa daga Sudan ta Kudu tare da shugaban Anglika na lokacin, Justin Welby. A nan bishop-bishop na Afirka da yawa sun sha bamban da shi ƙwarai. Na Najeriya, lokacin Ignatius Kaigama yana shugabansu, sun yaba wa dokar 2014. A Ghana kuwa gida ya rabu: Kadinal Peter Turkson ya shaida wa BBC a Nuwambar 2023 cewa bai kamata a mayar da waɗannan mutane masu laifi ba, alhali bishop-bishop na ƙasarsa suna goyon bayan ƙudurin hukunta su da majalisa ta zartar a Fabrairun 2024, wanda Shugaba Akufo-Addo ya sauka bai sa wa hannu ba. Dukansu Katikisma ɗaya suke karantawa. Wasu sun jingina da sakin layi na 2357, wasu da na 2358.

Ɗarikar Anglika ta bi ta wannan hanya tun da farko, kuma ta fi jin jiki. Naɗa Gene Robinson, mai wannan hali, bishop a Amurka a 2003 ya sa irin su Peter Akinola na Najeriya suka ja daga, har suka kafa ƙungiyarsu ta GAFCON a Kudus a 2008. Su ba su da kujera guda mai yanke hukunci. Katolika suna da ita, ba su tsage ba, amma farashin da suka biya shi ne a ƙyale kowane yanki ya yi abin da ya ga zai iya.

Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilun 2025, aka zaɓi Robert Prevost, haifaffen Chicago da ya daɗe yana aiki a Peru, ranar 8 ga Mayu, ya ɗauki sunan Leo na 14. A doguwar hirar da aka wallafa a Satumbar 2025 ya ce kowa na da wuri a coci, amma da wuya koyarwa kan aure da jima'i ta sauya nan kusa. Bai janye Fiducia Supplicans ba. Ya dai soki waɗanda a Arewacin Turai suke buga tsararrun addu'o'in sa albarka, yana cewa sun wuce iyakar da takardar ta gindaya.