Masu Ciwon Suga a Minna, Ku Binciki Abin da Kuke Gwaji da Shi

Kafin zafin bazara ya kankama ina da magana da duk mai ciwon suga a Minna, da duk wanda ke kula da mai shi a gida. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana a garin nan yakan kai digiri 38, wata rana har ya taɓa 40, kuma a 'yan shekarun nan cikin wannan tsakanin watan azumi ke faɗowa. A lokacin ne sugan jini ya fi rikicewa, a lokacin ne kuma kayan gwaji suka fi saurin lalacewa. Sai mutum ya huda yatsa, na'ura ta nuna masa lamba, ya gaskata ta, ya ƙara magani ko ya ajiye shi, alhali abin da ya gani ba shi ne ke cikin jininsa ba. Wanda bai gwada ba ya san yana cikin duhu, zai yi taka-tsantsan. Wanda aka ba lambar ƙarya kuwa da ƙarfin gwiwarsa zai je ya cuci kansa.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Don haka wanda ya je aka gwada shi, ya daure ya cire kuɗi ya sayi na'ura, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsaya wa lafiyarsu. Ba na so ko mutum ɗaya ya daina gwaji saboda wannan rubutu. So nake wahalar da yake sha ta biya.

Ɓarnar ta fi yawa a sitirif, 'yar siririyar takardar nan da ake cusa wa na'ura a ɗiga jini. A bakinta akwai wani sinadari mara juriya, shi ke haɗuwa da sugan jini har lamba ta fito, kuma zafi da danshi suna kashe shi. Ku duba jikin kwalin, yawancin kamfanoni sun rubuta kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30. To ɗakin kwano a Kpakungu ko Maitumbi da azahar ɗin Maris, ba wuta ba fanka, ya zarce haka nesa. Aljihun motar da aka bari a rana a bakin Kasuwar Kure kuwa ba a magana, haka ma shagon da ya jera kwalaye cikin gilashin da rana ke duka tun hantsi. Idan damina ta sauka zafi ya ja baya, sai danshi ya karɓa. Abin da ya sa lamarin ya yi muni shi ne sau da yawa sitirif ɗin da ya lalace ba ya canza kama, na'ura ma ba dole ta ƙi shi ba. Za ta karɓa ta ba da lamba, wani lokaci sama da gaskiya, wani lokaci ƙasa da ita.

Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kuɗin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabi, domin daga waje ake shigo da su. Wanda a da yake sayen roba guda mai hamsin, yanzu biyar ko goma yake iya saya, a zaro masa a ƙulla a leda ko a naɗe a takarda. Na san halin da ake ciki, ban kuma ga laifin talaka ba. Amma robar nan ba don ado aka yi ta ba. A murfinta ko a jikinta akwai abin da ke tsotse danshi, shi ya sa aka ce da an ciro ɗaya a rufe nan take. Wanda aka ƙulla a leda ya rabu da kariyarsa, ya kuma rabu da ranar lalacewarsa, tunda a jikin roba aka buga ta. Ba ka san yaushe aka buɗe uwar robar ba, ba ka san sau nawa aka bar ta a buɗe ba. Araha ba ta ado. Idan kuɗi bai kai ba, a nemi ƙaramin kwali rufaffe, sannan a tambayi likita lokutan da suka fi muhimmanci a gwada. Mai shan metformin kaɗai ba ya buƙatar yawan gwaji irin na mai allurar insulin, kuma gwaji goma sahihai a wata sun fi talatin na jeka-na-yi-ka. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, a rubuta ranar da aka buɗe roba a jikinta, domin wasu nau'o'in wata uku ko shida kawai suke yi bayan buɗewa. A ajiye ta cikin durowa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kicin da banɗaki.

Sai yatsa. Bazara lokacin mangwaro ne, ga rake, ga lemo, ga dabino da kankana a wurin buɗa baki. A 2011 wasu likitoci a Japan sun sa mutane masu lafiya sun ɓare 'ya'yan itace, sannan suka gwada su ba tare da sun wanke hannu ba. Lambobin suka yi sama kamar na masu ciwon suga, ko da aka goge yatsun da sifirit ba su dawo daidai ba, sai da aka wanke da ruwa. Ku ɗauka tsohuwa ce ta yanka wa jikokinta mangwaro, aka gwada ta aka ga 300, aka yi mata allurar insulin a kan sugan da ke bisa fata. Wanda ke gwada mahaifinsa kada nauyi ya hana shi cewa, "Baba, a wanke hannu da sabulu tukuna, a bari ya bushe." A huda gefen yatsa, kada a matse shi da ƙarfi kamar ana tatsa.

Akwai ruɗanin da ya kamata a ce an kawar da shi tuntuni, amma har yanzu yana cin mutane. Ma'auni biyu ake amfani da su a ƙasar nan. Yawancin na'urorin gida mg/dL suke nunawa, ɗakunan gwaji da yawa kuma mmol/L suke rubutawa. A ninka na biyun sau 18 ake samun na farkon. Wanda ya saba ganin 140 ko 200 a gida, idan ya karɓi takarda ya ga 15 sai ya yi hamdala ya ce suga ya sauka, alhali 270 ne. Wanda ɗansa ya aiko masa da na'ura daga Ingila, idan ya ga 3.5 ya sani 63 ke nan, ya shiga haɗari. Likita yana tabbatar da ciwon ne idan gwajin safe kafin a ci komai ya kai 126, ko ya kai 200 a kowane lokaci tare da alamu irin su yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Ga mafi yawan manya masu ciwon, ana so kafin cin abinci ya tsaya tsakanin 80 da 130, awa biyu bayan ci kuma kada ya kai 180. Idan na'ura ta rubuta HI maimakon lamba, suga ya wuce abin da za ta iya aunawa, a yawancinsu sama da 600. A wanke hannu a sake sau ɗaya, in ya maimaita a nufi asibiti a daren, kada a jira safiya.

Har yanzu akwai masu duba wurin fitsari su ga ko kiyashi ya taru. Suga ba ya zubowa cikin fitsari sai ya haura kusan 180 a jini, saboda haka mutum zai iya shekara yana lalata idonsa da ƙodarsa kiyashi bai zo ba, kuma fitsari ba zai taɓa gaya maka suga ya faɗi ba. Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu yawo da kwamfuta a kasuwanni da tashoshin mota, su ba ka wani ƙarfe ka riƙe, cikin minti biyu su karanto maka suga da hanta da ƙoda, daga nan su ɗauko maganin da za ka saya. Babu ɗigon jini, babu gwajin suga. Haka agogon hannu da zobe da ake tallatawa a Facebook cewa suna auna suga ta saman fata. A ranar 21 ga Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba, ta gargaɗi jama'a kada su dogara da su. Na'urar da ake mannawa a dantse irin FreeStyle Libre ita ta gaskiya ce, tana da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, takan yi kwana 14, sai dai tsada, kuma tana ɗan makara da 'yan mintuna idan suga na faɗuwa da sauri.

Gwajin HbA1c da ake yi a asibiti yana nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma ga yawancin manya ana so ya tsaya ƙasa da 7. Gwaji ne mai kyau, amma da jajayen ƙwayoyin jini yake aiki, mu kuma a ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai juna biyu, duk sakamakonsu na iya karkacewa. A gaya wa likita kafin ya yanke hukunci a kansa.

Faɗuwar suga ta fi hawansa saurin kisa, musamman ga mai allurar insulin da mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil. Ƙasa da 70 ya faɗi. Gumi ne, rawar jiki, bugun zuciya, jiri, sai magana ta fara sarƙewa. Sau da yawa 'yan gida kan zaci iska ce ko hawan jini. A yi addu'a, amma a gwada. In babu abin gwaji, ko lambar ta saɓa da abin da ido ke gani, a ba shi ƙwayar suga uku zuwa huɗu ko rabin kofin lemon kwalba, a sake dubawa bayan minti 15. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi asibiti. Malamai sun yi bayani cewa ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da likitoci suka fitar kan azumin masu suga ita ce a sha ruwa idan ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura kaɗan a kira magariba. Likitocin sun kuma ce a ga likita mako shida zuwa takwas kafin a ga wata. 'Yan'uwanmu Kirista da ke nasu azumin a irin wannan lokaci, su ma maganar ta shafe su. Don a tabbatar na'ura na faɗin gaskiya, duk mai zuwa Babban Asibitin Minna, ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, ya tafi da na'urarsa. Lokacin da za a ɗibi jinin safe ya huda yatsarsa a nan take ya rubuta, daga baya ya kwatanta da sakamakon asibiti. Ƙa'idar duniya ta yarda da saɓanin kusan kashi 15 cikin ɗari, abin da ya zarce haka sosai ya nuna akwai matsala a sitirif ko a na'urar.

Saura cutarwar da ba a cikin lamba take ba, tana cikin allura, ita ce kuma mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, galibinsu ba su sani ba. Ƙwayar cutar tana iya yin mako guda a raye cikin busasshen jinin da ido ba ya gani. A 2010, a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, mutum takwas sun kamu da ita ta hanyar kayan gwajin suga da aka riƙa amfani da su tsakanin mutane, shida suka rasu. A shekarar ta 2010 kuma hukumomin lafiya na Amurka suka gargaɗi kowa cewa abin harba allurar nan mai kama da biro na mutum ɗaya ne, ko da an canza allurar, domin jini na maƙalewa a bakinsa. Yanzu ku tuna layin gwajin kyauta a harabar masallaci ko coci ko filin taro, mutum ɗari a jere, biro ɗaya. Ku tuna gidan da miji da mata da kishiya da maƙwabciya duk da abu ɗaya suke huda yatsa, don zumunci.

Masu shirya gwajin kyauta, Allah Ya saka muku, amma ku sayi allurar nan mai harbi ɗaya wadda ke kulle kanta, ku sa safar hannu ku riƙa canzawa, ku goge na'ura tsakanin mutum da mutum. In kuɗin bai isa mutum ɗari ba, ku gwada hamsin. Malam mai kemis, wanda ya zo gwaji amana ya kawo maka, ka buɗe sabuwar allura a gabansa tun kafin ya tambaya. Kai kuma da za a huda, ka ce, "Malam, ina son in ga an buɗe ta," kada ka ji kunya. Najeriya ba ta sa rigakafin ciwon hanta cikin alluran yara ba sai a 2004, don haka mafi yawan masu ciwon suga na yau an haife su kafin nan, ba su da kariya. Duk wanda ya san an taɓa huda shi da abin da aka huda wani, ya nemi a gwada masa ciwon hanta, in ya fita lafiya ya karɓi rigakafin, allura uku ce cikin wata shida.