Abin da ke sa hannun gwani rawa a kan ƙwallon ƙarshe a wasan sunuka

A daren Lahadi 28 ga Afrilun 1985, mutum miliyan 18 da rabi a Birtaniya sun ƙi barci suna kallon wasan ƙarshe na gasar sunuka ta duniya, wanda aka buga a zauren Crucible da ke birnin Sheffield. Steve Davis, wanda ya riga ya ci kambun sau uku, shi ne ya cinye turmi takwas na farko a jere. Dennis Taylor ya yi ta biyo shi har suka yi kunnen doki 17 da 17. Turmin raba gardama ya ɗauki minti 68, kuma har bayan tsakar dare ba abin da ya rage a kan tebur sai farar ƙwallo da baƙa. Davis ya sami damar kammala wasan, ya sunkuya, ya buga, baƙar ƙwallon ta kauce wa rami. Taylor ya zo ya jefa ta. Tun da aka fara wasan bai taɓa shiga gaba ba sai a wannan bugu.

Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san abin da ya sami Davis, ko da teburinsa na gindin bishiya ne. Wasan da matasa ke bugawa a unguwannin Najeriya suna ce masa sunuka, galibi ƙanensa ne da Turawa ke kira ful, mai ƙaramin tebur da ƙwallaye 15 bayan farar. Dokokinsa ma sun fi matsa wa zuciya. A nau'in da aka fi sani, wanda ya jefa baƙar ƙwallo kafin lokacinta ya faɗi nan take. A nau'in ƙwallo tara kuwa, wanda ƙwararru suka fi bugawa a manyan gasanni, mutum zai iya jefa takwas ya kuskure ta tara, abokin karawarsa ya taso daga kujera ya cinye turmin da bugu ɗaya. Shi ya sa ƙwallon ƙarshe take yi wa ɗan wasa nauyi, alhali girmanta ɗaya da sauran.

Jiki ba ya bambanta tsoron kura da tsoron kunya. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ga abu a matsayin barazana, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya yi gumi, tsokoki su ɗaure, 'yar rawar da ke hannun kowane ɗan Adam ta ƙaru. Ɗan dambe da mai tsere suna amfana da wannan, domin suna da inda za su zuba ƙarfin. Mai sunuka ba shi da. Aikinsa shi ne ya tura sanda a miƙe ta ratsa tsakanin yatsunsa, ta taɓa wani ɗan ɗigo a jikin ƙwallon da faɗinta bai kai santimita shida ba. Kuskuren da ido ba zai gani ba a bakin sanda, kafin ƙwallo ta kai ƙarshen tebur ya buɗe ya zama tazarar da za ta hana ta shiga.

Masu horarwa sun san alamomin. Hannun baya ya damƙe sanda kamar mai riƙe da tabarya. Janyewar sanda ta gajarce, bugun ya zama zungura. Kai ya ɗago tun sanda ba ta gama tafiya ba, saboda ɗokin ganin sakamako. Gumi kuma ya hana sandar sulɓi a kan hannun gaba, dalilin da ya sa ƙwararru da yawa ke sa safar hannu.

Sai dai ɓarnar da ta fi girma a cikin kai take. Masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister ya nuna a 1984 cewa matsin lamba yana sa mutum ya juyo da hankalinsa kan motsin jikinsa, kuma hakan ne ke lalata aikin da ya riga ya iya. Sian Beilock ta faɗaɗa wannan bincike daga baya a kan masu wasan golf. Misalin yana kusa da kowa: wanda ya shekara ashirin yana tuƙa babur, in aka ce ya lura da kowane motsi na ƙafarsa yayin sauya giya, sai tuƙin ya rikice masa. Gwanin da ya jefa irin wannan ƙwallo sau dubbai bai manta yadda ake yi ba. Abin da ya faru shi ne ya tsaya yana sa wa hannunsa ido, ya koma ɗan koyo a daidai lokacin da ba a so.

A nan ne maganin ƙwararru ya fito, kuma ba wani abin al'ajabi ba ne. Suna raba tunani da bugu. Duk shawarar da za a yanke, wace ƙwallo, wane rami, da wane ƙarfi, ina farar za ta tsaya, a tsaye ake yanke ta. In an sunkuya, shawara ta ƙare. Idan shakka ta zo bayan an sunkuya, sai a miƙe, a goga alli, a sake daga farko. Ƙananan 'yan wasa kan ji kunyar miƙewa, gani suke 'yan kallo za su gane sun tsorata, sai su buga da zuciya biyu. A ganina babu kuskuren da ya fi wannan yawa, kuma babu wanda ya fi shi sauƙin gyara.

Na biyu shi ne tsari guda da ba ya canzawa: goga alli, tsayawa a bayan layin bugu, ajiye ƙafa a wuri ɗaya, gwada sanda adadin da aka saba, ɗan dakatawa, sannan saki. Amfanin tsarin shi ne yana ba hankali abin yi, ya hana shi zuwa lissafin kofi da kuɗi da abin da za a faɗa a majalisa gobe. Yana kuma kare saurin ɗan wasa, domin fargaba takan sa wani gaggawa don ya rabu da bugun, wani kuma ta daskarar da shi. A gasar Mosconi, wadda ake yi tsakanin Amurka da Turai tun 1994, daƙiƙa 30 ake ba ɗan wasa ya buga, ga dubban 'yan kallo suna ihu tsakanin bugu da bugu. Wanda bai zo da tsarinsa daga gida ba, ba a nan zai ƙirƙiro shi ba.

Ido ma yana da nasa aikin. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta gano cewa gwanaye a wasannin saiti sukan tsayar da ido cak a kan abin da suke hari na ɗan lokaci kafin motsi na ƙarshe. Binciken da aka buga a 2002 a kan masu buga ful ya nuna cewa wannan tsayuwar ido ta fi tsawo a wajen ƙwararru, kuma ta fi tsawo a bugun da ya shiga a kan wanda ya kauce. Mai fargaba idonsa yawo yake yi tsakanin fara da rami da sanda. Numfashi kuwa, fitar da shi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, yana rage gudun zuciya. Sau biyu ko uku kafin a sunkuya sun isa.

Akwai kuma kujera, wadda ba a cika maganarta ba. A ƙwallon ƙafa wanda ya yi kuskure zai ruga ya ƙwato. A sunuka zama zai yi, wani lokaci na tsawon mintuna, yana kallon abokin karawarsa yana cin moriyar kuskurensa, ba shi da ikon komai sai saƙa da warwara. Ronnie O'Sullivan, wanda mutane da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin mai baiwarsa ba, ya taɓa miƙa wa Stephen Hendry hannu ya fice ana tsakiyar wasa a 2006. A 2011 ya fara aiki da likitan ƙwaƙwalwa Steve Peters, wanda ke kwatanta ɓangaren ƙwaƙwalwa mai saurin firgita da fushi da biri: ba a iya kashe shi, ba a fin shi ƙarfi, sai dai a san halinsa a lallaɓa shi. O'Sullivan ya ci gasar duniya a 2012 da 2013, kuma zuwa 2022 ya tara kambu bakwai.

Wasu sun nemi gajeriyar hanya. Bill Werbeniuk, ɗan Kanada, ya yi suna da shan giya mai yawa lokacin wasa don danne rawar hannu, daga baya ya koma ga maganin furofaranolol, wanda ya jawo masa rigima da hukumar wasan a ƙarshen shekarun 1980. Magungunan wannan rukuni, da likitoci ke ba masu hawan jini da ciwon zuciya, suna rage bugun zuciya da rawar hannu, shi ya sa aka haramta su a wasanni irin su harbi da sunuka. Shan su ba da izinin likita ba haɗari ne, musamman ga mai asma, domin suna iya toshe masa numfashi.

Abin da ya rage shi ne atisaye mai ɗauke da irin nauyin gasa. Jefa ƙwallo ɗari a tebur ba kowa ba ya koya wa zuciya komai. Masu horarwa sukan sa ɗan wasa ya jefa goma a jere, in ya kuskure ta tara ya koma ta farko, domin ta goma ta zo masa da ɗar-ɗar ɗin da zai haɗu da shi a gaban jama'a. Davis kansa ya sake faɗuwa a wasan ƙarshe na 1986, a hannun Joe Johnson. Ya dawo wannan zaure na Crucible ya ɗauki kambun a 1987 da 1988 da 1989.