Rema, Ɗan Uwan Giwa

Dabbobi masu shayarwa su ne masu gashi a jiki waɗanda uwa ke ba ɗanta nono. Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya raɗa wa rukunin suna a 1758. A zamaninsa kamanni ake bi wajen rarraba dabbobi. Bayan fitowar littafin Charles Darwin a 1859, sannu a hankali masana suka koma bin tsatso, wato wa ya haɗa kaka da wa.

Rema ya isa misali. Mazauninsa kogo ne da tsaguwar dutse, a duwatsu irin na Kwatarkwashi a Bungudu da na Tsafe. Wanda ya hango shi da hantsi yana shan rana, dunƙule, babu wutsiyar kirki, zai rantse gafiya ce ta yi ƙiba. Masana ma haka suka fara ɗauka: a 1766 Peter Pallas ya lissafa shi cikin dangin ɓera.

Sai an duba da kyau zancen ke sauyawa. Haƙoransa biyu na gaba a sama masu tsini ne kamar ƙaramin haure, hauren giwa kuwa dama haƙorin gaba ne da ya yi tsawo. Yawancin faratansa masu faɗi ne kamar ƙananan kofato. Marainan namiji a cikin ciki suke, kamar na toron giwa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne goyon ciki: dabbar da da ƙyar take kai kilo 5 tana yin wata 7 zuwa 8 kafin ta haihu, gafiya kuwa wata guda ya ishe ta. Bayanin masana shi ne rema da giwa da ayun Kogin Kwara sun haɗa kaka shekaru sama da miliyan 50 da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa da guntun gadonsa. Binciken ƙwayoyin gado ya ƙarfafa wannan, har a 1998 aka haɗa su da dabgi a rukunin Afrotheria.

Akasin haka ma na faruwa. Bushiya da beguwa duk ƙaya gare su, amma kowacce daban ta samo tata daga gashi da ya taurara. Bushiya 'yar uwar jaɓa ce, beguwa dangin ɓera. Jemagen da ke shawagi a Gusau da magariba kuwa bai haɗa fiffike da tsuntsu ba. Nasa hannu ne mai yatsa biyar, huɗu suka miƙe, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu.