Ƙa'idojin Sababbin Direbobi: Daga Koyon Tuƙi Zuwa Mallakar Lasisi

Sanin kowa ne cewa iya juya sitiyari ba shi ne iya tuƙi ba. Sau da yawa muna ganin matashi ya koyi mota a filin ƙwallo cikin mako guda, washegari ya hau babban titi da 'yan'uwansa a baya. A bisa wannan dalili ne muke tunatar da jama'a matakan da doka ta tanada.

Mataki na farko shi ne koyo. Sai wanda ya cika shekara 18 ne zai nemi lasisi, kuma wajibi ne ya shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita. A wannan lokaci takardar izinin koyo ce a hannunsa, ba lasisi ba. Don haka dole ne a liƙa jan harafin L a gaba da bayan motar, kuma direba mai lasisi ya zauna kusa da shi duk sa'ad da zai hau titi.

Bayan kammala makaranta, jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO, su ne za su jarraba shi. Idan ya ci, sai ya biya kuɗin da aka ƙayyade, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Lasisin kan yi shekara 3 ko 5, sannan a sabunta shi. Muna jan kunnen jama'a da su guji 'yan tsakani masu alkawarin lasisi ba tare da jarrabawa ba, domin na jabu ba zai ceci mai shi a gaban doka ba.

Samun lasisi ba ya sauke nauyi. Ƙaramar mota ba za ta wuce gudun kilomita 50 a awa guda a cikin gari ba, ko 80 a kan babbar hanya. Ɗaura bel wajibi ne, an kuma tilasta shi tun shekarar 2003. Amsa waya ana cikin tuƙi laifi ne. Maimaita laifuffuka kuwa na iya jawo a karɓe lasisin.

Muna kira ga iyaye da kada su miƙa makullin mota ga yaron da bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. Idan haɗari ya auku, a kira lamba 122. Allah Ya kiyaye mana hanya, amin.