Matsalolin Furucin Ingilishi a Bakin Bahaushe: Misali daga Takur, Dutse

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedikwatarta, unguwanni irin su Takur suka zama matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban na Nijeriya. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara yawan baƙin. Saboda haka ɗan Takur yakan buƙaci Ingilishi a banki da asibiti da ɗakin jarrabawa. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana inda harshensa yake sarƙewa, da dalilin haka, da hanyar gyara.

2.0 Tushen Matsalar

Daidaitaccen Ingilishin Ingila yana da baƙaƙe 24 da wasula 20. Hausa kuwa wasula biyar gare ta, kowanne da dogo da gajere, sai tagwayen wasula ai da au. In mai koyo ya ci karo da sautin da babu shi a harshensa, sai ya ɗauko mafi kusa da shi. Farfesa Munzali Jibril ya nazarci irin wannan a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982.

Za mu kawo misalai uku. Na farko, Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa muka ari fasinja da fensir da fenti, kuma ɗalibi kan kasa raba pill da fill. Na biyu, v kan koma b, th kuma ya koma s ko z, sai vote ta zama boat, think ta zama sink. Na uku, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka muke cusa wasali, kamar yadda muka yi a burodi da sukudireba. Ban da waɗannan, rubutun bokon Hausa yana bin furuci, alhali akwai haruffan da ba a furtawa a receipt da listen da Wednesday.

3.0 Lambobi da Sanarwa

A nan ne kuskure ya fi tsada. Tsakanin fifteen thousand da fifty thousand akwai naira 35,000. Haka kuma wanda aka sanar wa jarrabawa za ta fara 8:15, ya ji 8:50, zai makara da minti 35.

An saba koya wa ɗalibai cewa fifteen gaɓarta ta ƙarshe ake ƙarfafawa, fifty kuwa ta farko. Wannan gaskiya ne in kalmar tana tsaye ita kaɗai. Amma in thousand ta biyo baya, ƙarfin yakan dawo gaɓar farko, ya zama abin da ya rage na bambanci shi ne tsawon wasali da n ta ƙarshe. A nan Bahaushe yana da gata, domin kunnensa ya riga ya saba da raba dogon wasali da gajere, kamar a fari na launi da fara ta cin amfanin gona.

4.0 Shawarwari

(a) Malami ya jera kalmomi bibbiyu masu bambancin sauti ɗaya, ɗalibi ya saurara tukuna kafin ya furta.

(b) A riƙe takarda a gaban baki: wajen p leɓɓa na haɗuwa iska ta fashe ta kaɗa takardar, wajen f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

(c) Mai sanarwa ya faɗi lamba, sannan ya maimaita ta ɗaiɗai, wato one five ko five zero. Haka matuƙa jirgin sama suke yi a rediyo.

(d) A yi atisaye da sanarwar gaske: lambar waya, farashi, lokacin tashin mota.

5.0 Kammalawa

Ba muna neman ɗan Takur ya koma Bature ba ne. Burinmu shi ne duk wanda ya saurare shi ya fahimce shi a karon farko, musamman inda kuɗi ko lokaci ko magani yake. Muna kira ga malaman Hausa da na Ingilishi su haɗa kai, domin wanda ya san tsarin sautin Hausa shi ya fi sanin inda ɗalibi zai yi tuntuɓe.